Yadda Don Fidencio Ya Tashi Zama Dutse

A duk unguwar Portales ta birnin Mexico babu wanda bai san muryar Don Fidencio Arreola ba, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ita ce ke fitowa daga lasifikar motar masu sayar da katifa, ita ce ke shelar ragin farashi a shagon takalma na bakin titi, ita ce kuma ke kiran sunayen 'yan kokawa a ƙaramin filin bayan kasuwa duk ranar Lahadi. In ya ce "ina kwana" a tsakar gidan hayarsu, sai tattabarun kan rufi sun tashi. Shi kuwa mai muryar gajere ne mai tumbi, ga gashin baki da yake shafa wa mai, ga zuciya irin ta jinjiri. A biki kuka yake yi, a jana'iza kuka yake yi, in ƙungiyarsa ta ci ƙwallo ya yi kuka, in an ci ta ya ninka. Amma in ka tambaye shi, ce maka zai yi duk Mexico babu namijin da ya kai shi taurin rai.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Tun yana saurayi yake sana'a da maƙogwaro, amma ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Mai katifa bai san sunansa ba, mai takalma kuwa "mai ihu" yake ce masa. To ranar da wani sutudiyo na unguwar Colonia del Valle ya kira shi gwaji, aka ce wasan bidiyo ne za a saka wa muryoyi da Sifaniyanci, kuma sunayen masu muryar suna fitowa a ƙarshe, farare tas a kan baƙin allo, sai Fidencio ya goge takalmi, ya ɗaura nakatai, ya tafi yana tafiyar ƙasaita.

Darakta mace ce, Griselda Pineda, wadda kowa a wurin ke kira Maestra. Gashinta ya yi furfura, tabaraunta na rataye a igiya, kuma da ganinta ka san ta gaji da masu surutu tun kafin su buɗe baki. Ta shigar da shi ɗakin naɗar murya, aka ɗora masa belun kunne, aka tsayar da shi gaban makirufo.

"Ina hoton?" in ji Fidencio. "Ni sai na ga fuskar mutum nake shiga jikinsa."

"Babu hoto. A aikin wasa ba a turo mana hoto," in ji Maestra daga bayan gilashi. "Ga muryar ɗan wasan asali a kunnenka, ga zanenta a allo. Inda zanen ya fara ka fara, inda ya ƙare ka ƙare. Sunan mutumin Kyaftin Yorgan, tsohon soja ne, ba ya yawan magana. Abin da za ka ce shi ne: 'Na binne shi a gindin bishiyar. Mu ci gaba da tafiya.'"

"Wa ya binne?"

"Ɗansa."

"Ɗansa? Na cikinsa?"

Kafin ta amsa idanun Fidencio sun ciko. Jar fitilar fara naɗi na kunnawa ya dafe ƙirji, ya karkatar da kai, ya saki wata irin kuwwa wadda ta sa injiniyan sauti ya cire belun kunnensa ya jefar. Ya binne ɗan, ya tono shi, ya sake binnewa, ya ƙara da "Wayyo ɗana, wayyo tilona!" wanda babu shi a rubutun. Zanen allon ya ƙare tuntuni, shi yana kan rera makoki.

"Don Fidencio," in ji Maestra, "ɗan Kyaftin ne ya mutu, ba naka ba."

"Ai abin ne ya taɓa ni, Maestra."

"To shi bai nuna ya taɓa shi ba. Baƙin cikin yana nan cike da ƙirjinsa, amma ya danne. Mai wasa zai ji shi ne a numfashin da ya ja kafin ya yi magana, da 'yar rawar da kalmar ƙarshe za ta yi. Shi ke nan. Ka riƙe kukan a maƙogwaro, kar ka bari ya fito."

"Au, dannewa! Ai da kin faɗa tun farko. Ni da dannewa tare aka haife mu. Ranar da mahaifiyata ta rasu, ki tambayi kowa, ko ɗigon hawaye..." Sai ya tuna mahaifiyar. Muryar ta karye, ya hau laluben hankici.

Aka koma kan "hm", don rabin maganar Kyaftin Yorgan duk "hm" ce. Akwai ta amincewa, akwai ta kashedi, akwai ta wanda aka ambaci sunan ɗansa a gabansa. Fidencio ya yi su duka iri ɗaya, irin ta bijimin da aka taka wa wutsiya. Maestra ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Amma fa murya ita ce murya, kuma irin wannan kauri ba kullum ake samunsa ba.

"Ran Asabar kamfanin wasan zai kafa ɗakin gilashi a baje kolin wasanni," ta ce. "Za a yi gwajin ƙarshe a gaban jama'a, kai da wani Leobardo. Wanda ya fi, shi ne Kyaftin. Ka je ka koyi yin shiru."

Tun daga ƙofar gida Fidencio ya fara shela. Matarsa Hortensia, wadda kowa ke kira Tencha, tana wanki a famfon tsakar gida. Nabor direban tasi, kompadrensa, wato wanda ya riƙe masa 'ya a wurin baftisma, yana goge mota.

"Na samu! Jama'a, ku fito ku ga Kyaftin Yorgan!"

"Sun ba ka, tsoho?" in ji Tencha.

"Kamar an ba ni ne. Saura wani ɗan biki ran Asabar, don a cika al'ada. Darakta da bakinta ta ce ba ta taɓa jin irin abin da na yi ba."

"Wannan kam na yarda," in ji Nabor.

Fidencio ya hau kan matakala ta biyu don a gan shi sosai. "Ku saurara. Manyan 'yan wasa ba kwaikwayo suke yi ba, zama suke yi abin da za su taka. Daga yau har Asabar ni dutse ne. Ba dariya, ba kuka, ba fushi. Duk wanda ya yi mini magana, 'hm' zai samu."

"Kompa, kai da ka yi kuka ranar da hukuma ta sare bishiyar bakin titi?"

"Ƙura ce ta shiga mini ido."

"Ƙurar ce ta sa ka rungumi kututturen?"

"Hm," in ji Fidencio, ya shige ɗaki yana taku ɗaiɗai.

Wadda ta fara cin ribar dutsen ita ce Tencha. Da safe ta ajiye masa kofi ta zauna kusa da shi tana murmushi.

"Fide, ina so a sake fentin ɗakin nan, ruwan hoda."

"Hm."

"Yauwa, ka yarda ke nan. Ƙanwata ma za ta zo daga Toluca ta yi mana wata guda, ita da karnukanta."

"Hm!"

"Allah ya yi maka albarka. Ai na ce musu mijina ba shi da matsala. Sannan tsohuwar rigar nan taka mai ƙyalƙyali, ta filin kokawa, asu ya cinye ta. Na ba mai sayen tarkace."

Fidencio ya ji motar mai tarkace tana barin ƙofar gida. Ya riƙe kofin, gashin bakinsa na rawa. Ya ce "hm" ɗaya, ya ce ta biyu. Ta ukun a bakin titi ya ƙarasa ta, da silifas ƙafa ɗaya, yana bin motar yana kururuwar "Ɓarawo! Rigata!" har masu shago suka firfito. Da ya dawo rungume da rigar yana haki, ya tarar da maƙwabta sun jeru a baranda. Ya gyara tsayuwa ya ce musu wannan ba ya cikin lissafi, don gudu motsa jiki ne.

Washegari ya ƙara ɗaure fuska, har abin ya tayar wa Doña Chabela hankali, tsohuwar da ke sayar da tamal, wato alalen masara, a bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ya ce hm. Ta tambaye shi na jan yaji yake so ko na kore, ya ce hm. Ta ce masa 'yar kyanwarta ta haihu, ta ɗaga kwali ta nuna masa 'ya'yan, ido bai buɗe ba. Ya kalli sama, leɓensa na ɓari, ya ce hm.

"Wayyo Allah, an yi wa bawan Allahn nan baki," in ji Doña Chabela. "Mutumin da ke hana mu barcin rana da surutu! Tencha, kawo ƙwai."

Kafin ya yi wani yunƙuri an zaunar da shi a kujera a tsakar gida, an cire masa riga. Doña Chabela ta ɗauki ɗanyen ƙwai tana mulmula masa a ka, a wuya, a baya, tana addu'a ƙasa-ƙasa don ƙwan ya zuƙe sharrin. Mata sun kewaye shi, Nabor na riƙe da kafaɗunsa, wai don kar aljanin ya gudu da shi.

"Doña, ki bi ta hammata," in ji Nabor. "Irin wannan a hammata yake ɓuya."

Duk gidan an san Fidencio da jin cakulkuli. Ƙwan na taɓa hammatarsa fuskarsa ta yi ja, ta koma ruwan makuba. Kumatunsa suka kumbura. Ya riƙe, ya riƙe, sai dariyar ta ɓalle masa gaba ɗaya, ya matse hannu, ƙwan ya fashe a hammata, kujera ta kife da shi. Doña Chabela ta duƙa ta duba ƙwaiduwar da ke gangarowa a haƙarƙarinsa ta ce ba shakka babban baki ne, amma ga shi ya fita.

Wani in ya sha irin wannan kunya sai ya haƙura. Fidencio kuwa zama ya yi ya gano inda kuskuren yake, kuma ba a wurinsa ya same shi ba.

"Na gane matsalar," ya ce wa Nabor. "Darakta ta ce a danne. To me zan danne? Rayuwata lafiya lau take. Dole in samo ciwo na gaske in riƙe shi a ciki, sannan muryar ta fito daidai."

"Kai, kompa, wannan basira taka tana ba ni tsoro."

Ya zuba tsakuwa a takalmi, ya tsaya a kai ya faɗi maganar Kyaftin, sai ta fito kamar ta mai jin fitsari. Ya maƙala abin matse shanya a fatar tumbinsa, muryar ta sirance ta koma ta akuya. Ya sa Nabor ya taka masa yatsa, Nabor ya taka da zuciya ɗaya, abin da ya fito daga bakin Fidencio kuwa ba a saka shi a wasan yara.

Ran Juma'a suka je cin abincin rana a kasuwa, a rumfar wata mata 'yar Yucatán da ke ajiye ɗanyen attarugu a faranti, irin ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemo da ko su masu shi suke jin tsoronsa. Fidencio na cikin bayanin yadda kakansa ke cin wannan da kofi, ya ɗauki ɗaya ya gutsiri rabi. Ya yi tsit. Idanunsa suka kaɗa, maƙogwaronsa ya shaƙe. Don kar mai rumfar ta raina shi ya haɗiye, ya ja wani dogon numfashi.

"Faɗi maganar yanzu!" in ji Nabor, ya kunna naɗin murya a wayarsa.

"Na binne shi a gindin bishiyar," in ji Fidencio a hankali, don ba shi da iskar yin ihu. "Mu ci gaba da tafiya."

Gaskiya dai a faɗe ta, abin ya yi kyau. Muryar ta fito can ƙasa, a dushe, kalmar ƙarshe ta yi 'yar rawa. Mai rumfar ta tsaya da ludayi a hannu ta tambaya waye ya rasu. Da aka kunna wa Tencha a gida, sai da ta ajiye tsintsiya ta ce a maimaita.

"Kuma rabin ɗaya ke nan fa," in ji Nabor, yana kallon rufi.

"Abin da nake tunani ke nan," in ji Fidencio. "In rabi ya yi wannan, me huɗu za su yi?"

"Tsoho, rabin ya isa," in ji Tencha.

"Ke da aikin fasaha, Tencha, sai dai kallo."

Ran Asabar zauren baje kolin ya cika maƙil da samari da 'yan mata, wasu sanye da sulken kwali, wasu da kunnuwan dila, wasu da takubban roba da suka fi su tsawo. A tsakiyar dandamali ga ɗakin gilashi, ga manyan lasifikoki hagu da dama. Mutanen gidan haya suka mamaye layin gaba. Sun zo da zanin gado an rubuta sunan Fidencio da fenti, Doña Chabela ta zo da tukunyar tamal ko za a samu ciniki, Tencha kuma ta riƙo fulas ɗin kunun masara mai zafi.

Mai gabatarwa ya maƙala wa 'yan takarar ƙananan makirufo a wuyan riga don su gaisa da jama'a. Leobardo, wani siriri mai kama da ma'aikacin banki, ya ce "barkanku" ya yi shiru. Fidencio ya karɓe filin.

"Jama'ar Mexico! Yau za ku ga yadda namiji ke haɗiye wuta fuskarsa ba ta motsa ba! Ni da kuke gani, likita ya taɓa cire mini haƙori ba allura, ina karanta jarida!"

"Suma ya yi!" in ji wata murya daga layin gaba, mai kama da ta Nabor.

Leobardo ya fara shiga. Ya faɗi maganar, ya fito, aka tafa masa daidai gwargwado. Fidencio ya taɓe baki. Da aka kira shi, ya juya wa jama'a baya kamar mai addu'a, ya zaro attarugu huɗu daga aljihu, ya murƙushe su da yatsu don su yi saurin aiki, ya watsa a baki, ya tauna. Ya shiga ɗakin gilashi, aka rufe ƙofa, ya ɗora belun kunne.

Abin da bai lissafa ba shi ne makirufon sutudiyo ba irin na motar katifa ba ne. Wannan ko haɗiyar yawu ka yi sai ya kai wa duniya rahoto. Jar fitila na kunnawa, abu na farko da zauren ya ji shi ne wani dogon ƙugi daga cikin Don Fidencio, ya taso daga ƙasa, ya yi kwana, ya ƙare da 'yar ƙara kamar tambaya.

Aka fara ƙyalƙyala dariya a baya.

"Muna jinka, Don Fidencio," in ji Maestra daga teburinta a gefen dandamali.

"Na bin... hik!"

Shaƙuwa ta kama shi. Ya dafe gilashi ya sake gwadawa. "Na binne... hik! ...shi a gin... hik!" Gumi ya karyo masa, ya jiƙa nakatai. Hanci ya fara zuba, yana ja, lasifikoki na watsa kowane ja har ƙofar fita. Fuskarsa dai a ɗaure take tamau, wannan kam ya cika alkawari, sai dai kunnuwansa sun yi jawur kuma ƙafarsa ɗaya na dukan ƙasa da kanta.

"Ga dutse na tafasa!" in ji Nabor.

"Ka danne, Don Fide!" in ji Doña Chabela. "Muna tare da kai!"

Hawaye suka cika masa ido har ba ya ganin zanen allon. Ya tuna ya yi wa duniya alkawarin ba za a ga hawayensa ba. Sai ya ɗaga hannu, da yatsun nan da ya murƙushe attarugu da su, ya goge idanun duka biyu, ya murza sosai.

Waɗanda suke wurin sun ce ihun da ya biyo baya har masu sayar da tikiti a waje sun ji shi. Injiniya ya yi tsalle ya bar kujerarsa. Fidencio ya yi karo da makirufo, makirufo ya rama. Wayar belun kunne ta naɗe masa wuya, ya juya ya warware, ta naɗe ƙafa. Yana lalube ido rufe, yana tura ƙofar da ake ja, yana dukan gilashi da tafin hannu yana kiran Tencha, yana kiran mahaifiyarsa, yana kiran 'yan kwana-kwana. Da aka buɗe masa ya faɗo waje da rarrafe, ya cafke abu na farko da hannunsa ya taɓa a layin gaba, wato fulas ɗin Tencha, ya kafa kai. Kunun kuwa da zafinsa. Ya fesar da shi a kan wani saurayi mai sulken kwali, sulken ya jiƙe ya lanƙwashe.

Zauren ya kece da dariya. Wayoyi duk sun tashi sama. Wata 'yar mai kunnen dila ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, Nabor kuwa ya kifa kai a kan tukunyar tamal yana dukan murfin.

Tencha ce ta ja shi bayan labule. Wani ya kawo madara, ta ba shi ya sha, ta jiƙa gefen mayafinta da sauran tana goge masa ido. Ya zauna a kan wani akwatin kaya, nakatai ya koma bayan wuya, gashin baki ya kwanta. Daga nan yana jin dariyar ba ta tsaya ba, har wasu na kwaikwayon shaƙuwarsa. A karo na farko tun da aka fara wannan al'amari, kunya ta gaske ta kama shi, ta sauka a ƙirjinsa ta zauna. Ya tuna zanin gadon da aka ɓata da fenti saboda shi.

"Tsoho," in ji Tencha, "yaya idon?"

Ya ja numfashi, ya riƙe, ya sake shi a hankali.

"Ba komai, Tencha." Ya kalli ƙasa. "Dama sunan nawa dogo ne. Da wuya ya shiga allon." Ya sake jan numfashi. "Ɗauko fulas ɗinki. Mu tafi gida."

Ba wanda ya tuna ya cire ƙaramin makirufon da ke wuyan rigarsa. Maganar ta fita ta lasifikoki, ƙasa-ƙasa, a dushe, kalmar ƙarshe ta yi rawa kaɗan ta tsaya. Dariyar zauren ta mutu. Wayoyi suka sauka. Doña Chabela ta toshe baki da hannu, Nabor ya ɗago kai daga tukunya.

Labulen ya yaye, sai ga Maestra, tabarau na lilo a ƙirjinta.

"Wannan!" ta ce. "Wannan nake nema tun ranar farko! Don Fidencio, kar ka motsa fuskarka, kar ka yi tunanin komai. Tashi ka shiga ɗakin nan ka faɗi maganar Kyaftin daidai yadda ka yi wa matarka magana yanzu. Sau ɗaya kawai, aikin naka ne."

Tencha ta riƙe hannunsa ta raka shi. Yana fitowa daga bayan labule wani ya fara tafi, wani ya kama, kan ka ce me zauren duka ya miƙe tsaye. Mutanen gidan haya suka ɗaga zanin gado. Samari suka ɗauki sunansa suna rerawa, "Fi-den-cio! Fi-den-cio!"

Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa kiran sunansa a taro ba. Ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Tencha ta ji hannunsa na kumbura a cikin nata.

"Tsoho, kar ka kalle su," ta ce. "Don Allah kalli ƙasa."

Ina! Ƙirji ya riga ya fito, gashin baki ya miƙe. Ya ɗaga musu hannu biyu, ya aika sumba ga layin baya, ya shiga ɗakin gilashi hawayen daɗi na kwarara har haɓa. Jar fitila ta kunna. Maestra ta haɗa tafukanta kamar mai roƙo.

Don Fidencio ya dafe ƙirji, ya karkatar da kai, ya cika huhu.

"NA BINNE SHIII! Wayyo ɗana! Wayyo Mexico, na gode, na gode! A GINDIN BISHIYAAAR!"

Lasifikar hagu ta yi wata ƙara ta mutu. Maestra ta cire belun kunnenta a hankali, ta naɗe wayar, ta ajiye a kan tebur. Ta juya wajen siririn mutumin da ke tsaye a gefe da hannu a aljihu.

"Leobardo," ta ce, "ka zo aiki Litinin da safe."

Fidencio bai ji ba. Ya fito yana shessheƙa, ya buɗe hannuwa ga jama'a, majina da hawaye sun haɗe a gashin baki.

"Kun gani?" ya ce. "Kun ga yadda ake danne abu a zuciya?"

Tencha ta miƙa wa Nabor fulas, ta kama mijinta ta nakatai, ta ja shi zuwa ƙofar fita yana ɗaga wa mutane hannu.